Wasiƙa Daga Gusau Zuwa Fatakwal

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Gusau lafiya lau, sai zafi da tsadar gero. Tun bikin Ƙaura ban ƙara jin ɗuriyarka ba, ko kifin Fatakwal ne ya mantar da kai hanyar gida? Dama maganar filin nan na Tudun Wada nake son in tambaye ka, amma bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Wannan zangon an ba ni 'yan aji biyu na babbar sakandare, muna karanta Shaihu Umar. Ka dai tuna yadda muka yi da shi. Kai sunayen garuruwa kawai ka haddace, Kagara, Murzuk, Rauta, ka shiga jarrabawa har ka fi ni maki, abin da har gobe ban yafe maka ba. Mu Ruwan Bagaja muke so, don Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ba mu dariya. Shaihu Umar kuwa mun ɗauke shi labarin zamanin bayi da raƙuma, abin da ya wuce tun kafin a haifi kakanninmu.

Yaran nan ba haka suka karɓe shi ba. Ranar da muka zo wurin da aka sace Umar yana ƙaramin yaro, aji ya yi tsit, har 'yan bencin baya masu surutu. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nawa aka ce su kawo?" Wallahi Dogo, sai da na dafa teburi. Ba wanda ya yi dariya. Da wayonsu aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021, kuma da wuya ka sami wanda bai san gidan da aka sayar da gona ko shanu don fansar wani ba. Na ce mata a wancan zamanin ba fansa ake nema ba, sayar da mutum ake yi a wuce da shi hamada. Ta ce to ai gara namu, ko ba komai ana jin muryarsa a waya. Na rasa abin da zan ce mata.

Washegari kuma musu ya ɓarke. 'Yan matan suka ce an yi wa uwar Umar rashin adalci, sunanta ya kamata littafin ya ɗauka. Ita ce ta bar gida neman ɗanta, aka mai da ita baiwa, ta ƙetare Sahara, ta gan shi ba da daɗewa ba ta cika. Wani yaro kuwa haushin Shaihun yake ji, wai yana ba ɗalibansa labari a natse kamar ba shi aka yi wa ba. Ni a ganina nan ƙarfin littafin yake. Tafawa Ɓalewa yana saurayi, malamin makaranta a Bauchi, ya rubuta shi don gasar nan ta rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, aka buga a 1934. Bai yi kururuwa ko wa'azi ba, ya jera abin da ya faru ya bar mai karatu da zuciyarsa.

Damuwata jarrabawa ce. Can jigo da salo da taurari za a tambaye su, mai duba takarda kuma ba ruwansa da abin da ya sa yarinya ta yi waccan tambayar. In na hana su faɗin abin da ke ransu na kashe darasin, in na sake su kuma su faɗi.

Af, ka ji Na-Mafara ya ƙara aure? Shi da ke rantsuwa daga ɗaya ya rufe! Yanzu ko majalisa ba ya zuwa, shayin ma mu ke biya.

An ce akwai fim ɗin littafin, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976. Kai da ka iya tone-tonen intanet, ka duba mini, ina son in nuna musu kafin hutu. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka yi mata alkawari har yanzu shiru.

Naka,
Malam Ƙarami