Ƙirar firam ce ke tafiyar da keken enduro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan kekunan gangaren dutse da ake kira enduro, saboda na lura masu sha'awarsu shokazoba kawai suke dannawa su yanke hukunci. Gaskiya ne shokazobar irin wannan keke tana nutsewa milimita 160 zuwa 180, amma yadda zai tafi da mahayinsa ya dogara ne da ƙirar firam.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwanciyar fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. A shekarar 2013, lokacin da aka fara gasar Enduro World Series a Punta Ala ta ƙasar Italiya, kusurwar fok a yawancin kekunan digiri 66 ce ko 67, a yau kuwa ta sauko wajen 64. Wannan bambanci ba ya cika ido a takarda, amma yana tura tayar gaba nesa da mahayi, ta yadda idan ta ci karo da dutse a gangara sai ta haye shi, maimakon ta cije ta wuntsila mutum ta saman kan keken. Kamfanin Mondraker na Sifaniya yana cikin waɗanda suka fara tsawaita gaban firam, kuma yanzu tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar ta baya a babban keke takan wuce milimita 1,250, abin da ke sa shi natsuwa komai gudu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ranar da na fara hawa irin wannan keke, na aro ne wurin wani abokina, na shiga wata matsattsiyar kwana ina ja da jikina baya kamar yadda na saba a tsohon kekena, nan take tayar gaba ta sulluɓe a kan tsakuwa, na tashi da gwiwa a ɗaye. Dogon keke yana so mahayi ya tanƙwara gwiwar hannu, ya ɗora nauyinsa a gaba, ya kuma soma karya kwana tun da wuri.

A wajen hawan tudu, maƙera sun miƙar da bututun sirdi zuwa digiri 77 ko 78 domin kada gaban keken ya riƙa ɗagawa, kuma dabarar ta yi aiki. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta kuwa, keke mai nauyin kilo 16 da tayoyi masu kauri wahala ce kawai.

Don haka ina roƙo, duk lokacin da shafinku na wasanni zai gabatar da irin waɗannan kekuna, a riƙa buga kusurwar fok da ta sirdi da tsawon firam tare da farashin.

Naka,
Wani mai karatu daga Jos