A shiga rugage a auna yaɗuwar bakkale

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in ja hankalin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, kan cutar bakkale, mai sa shanu ɓari.

Bakkale ba ta kashe shanu rututu irin na bushiya, wadda aka kawar daga duniya a 2011, shi ya sa ake yi mata riƙon sakainar kashi. Saniya tana kiwo lafiya ƙalau, sai ciki ya kai wata shida ko bakwai ta yi ɓari, mabiyiya ta maƙale, nono ya ja baya. Wata kuma gwiwarta ce za ta kumbura ta tara ruwa. Mutum ma yana ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba, ko wajen taɓa ɗan ɓarin da hannu. Zazzaɓi ya yi ta tafiya yana dawowa, ana ɗirka wa bawan Allah maganin maleriya da taifot.

Damuwata ita ce wurin da ake yin awon yaɗuwar cutar. Ɗibar jini a kwata ya fi sauƙi, amma shanun kwata daga kasuwanni aka haɗo su, wasu ma daga Nijar da Chadi, ba mai iya gaya maka garken da suka fito. Shanu nawa suka kamu tambaya ce, garke nawa cutar ta shiga wata tambayar ce daban, kuma amsar ta biyun ce ke nuna inda za a kai rigakafi. Wannan awon sai a ruga, kuma a zaɓi garkunan ta ƙuri'a, kada a tsaya a na bakin titi.

Gwajin farko bai da tsada. A na Rose Bengal, ana gauraya ɗigon ruwan jini da sinadari a kan farin faranti, cikin minti 4 idan ya yi gudaji-gudaji an samu alama, sai a kai ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a tabbatar. Dole a tambaya ko an yi wa garken allurar rigakafin bakkale ta S19, domin saniyar da aka yi wa tana iya nuna alamar ko da ba ta da cutar.

Makiyayin da bai manta jangali ba kuwa ba zai tsayar da shanunsa ga baƙo mai takarda da biro haka kawai ba. A bi ta hannun Arɗo, kuma duk garken da aka ɗebi jininsa a koma a faɗa wa mai shi sakamako da abin da zai yi.

Wassalam,
Wani malamin dabbobi, daga Bauchi