Ga iyayen yara masu kunnen kiɗa: a daina auna su da bidiyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyayen da Allah ya ba su yaro mai baiwar kiɗa. Shekara 19 ke nan ina koyar da piyano, kuma da wuya wata ya wuce wani uba bai miƙo mini wayarsa ba, da bidiyon ɗan shekara 6 yana zuba gudu a kan maɓallai, ya ce, "Malama, nawa yaushe zai kai nan?" Amsar da ba na samun lokacin ba su a bakin ƙofa ita ce nake son rubutawa a nan.

Akwai wata yarinya da aka kawo mini tana da shekara 7. Ban taɓa ganin kunne irin nata ba. Ta juya mini baya, in danna kowanne cikin maɓallai 88, ta faɗi sunansa ba tare da ta waiwayo ba. Duk abin da na kaɗa sau ɗaya, sai ta mayar mini da shi har da inda na ɗan ja. Wata huɗu ina ta yabonta, ina ajiye mata takardar kiɗa a gaba, tana kafe ta da ido tana kaɗawa daidai. Wata rana na buɗe sabon shafi, ban kaɗa mata ba, na ce bismillah. Ta ɗora hannu, ta ɗauke, ta ce, "Malama, ki fara yi mini tukuna." Gabana ya faɗi. Na koma kan shafin da ta iya, na juya shi kai ƙasa ƙafa sama, ta kaɗa shi tsaf ba ta ko lura ba. Ashe duk watannin nan hannuna take kallo da gefen ido, kunnenta na kwashe sauran. Harafi ɗaya na rubutun kiɗa ba ta sani ba, kuma laifina ne, domin daɗin sauraronta ya hana ni bincike.

Yaron da ba shi da irin wannan kunne dole ya karanta, don ba shi da wata hanya. Mai baiwa kuwa yana da ƙofar baya, kuma ita zai riƙa bi har sai an rufe ta. Kunne zai ɗauke shi shekara biyu ko uku. Daga nan kiɗan ya yi kauri, hannun dama da nasa zance, hagu da nasa, wani lokaci murya uku ko huɗu, wato layukan kiɗa daban-daban, suna tafiya tare, shafi ya kai ashirin. A nan ne za ka ga yaron da aka saba yi wa tafi ya fara cewa kansa na ciwo ranar darasi, kafin ya kai shekara 12 ya ce shi ya gaji da piyano.

Iyaye suna son kawo mini misalin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, wai yana shekara 5 ya fara tsara kiɗa. Gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne ubansa Leopold ƙwararren malamin kiɗa ne, wanda ya wallafa littafin koyar da goge irin na Turawa a 1756, shekarar da aka haifi yaron, kuma a hannunsa ya tashi da darasi kullum. Shi ma Bach, wani babban mai tsara kiɗa na Jamus, da ya zo koyar da ɗansa, gajerun darussa masu murya biyu ya zauna ya rubuta masa, don kowane hannu ya koyi tsayawa da kansa. Har yau da su muke horar da yara.

Maganin da na yi wa yarinyar ba mai daɗi ba ne. Na daina kaɗa mata komai kafin ta karanta. Kowace rana minti 10 na shafin da ba ta taɓa ji ba, mai sauƙi ƙwarai, hannu ɗaya bayan ɗaya, metronom, wato na'urar da ke tsayar da saurin kiɗa, yana buga 60 a minti, tana ƙirgawa da baki. Ta yi kuka ba sau ɗaya ba. Mahaifinta ya zo ransa a ɓace, ya ce an mayar masa da 'ya baya, shi jarrabawar piyano ta mataki na 3 yake so ta zauna a shekarar.

Da za ta zauna ɗin, da ta ci, kuma abin da ya fi damuna ke nan. A jarrabawar hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ABRSM, wadda ke da mataki 1 zuwa 8, maki 150 ne gaba ɗaya, da 100 ake wucewa. Kiɗa uku da aka shirya tun a gida suna ɗauke da 90, karanta sabon shafi nan take kuma 21 kacal. Yaro mai kunne zai haddace ukun nan, ya faɗi a karatu, ya fito da takardar shaida a rataye a bango. Ban raina jarrabawar ba, ina shigar da ɗalibaina. Amma wanda ya iya kiɗa uku a shekara don takarda ba ya kama ƙafar wanda ya karanta talatin masu sauƙi.

Sai maganar jiki, a taƙaice. Hannun ɗan shekara 7 yawanci ba ya buɗewa ya kama maɓalli takwas, kuma tilasta masa kiɗan manya saboda bidiyo yana sanƙarar da wuyan hannu, gyaransa kuwa ya fi koyarwar farko wuya. A sa masa abin taka ƙafa, kada ta yi ta lilo a iska. In da hali, a nema masa kayan kiɗa mai maɓallai masu nauyi. Cikakken sunan piyano, wanda wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Cristofori ya fara ƙerawa a Italiya wajen 1700, shi ne pianoforte, ma'anarsa a hankali da kuma da ƙarfi, domin nauyin yatsa ne ke sa 'yar guduma ta bugi tsirkiya da taushi ko da zafi. Kibod mai laushi da ke ba da sauti iri ɗaya ko yaya aka danna ba zai koya wa yatsa wannan ba.

Mahaifin yarinyar nan ya haƙura, ko da yake ya ɗauki watanni yana gaishe ni a daƙile. Yarinyar yanzu shekararta 13. Makon jiya na fita ɗauko ruwa, na dawo na tarar ta zaro wani tsohon littafi daga kan kantata, wanda ban taɓa buɗe mata ba, tana bin sa a hankali, tana tuntuɓe a hannun hagu tana komawa baya. Na tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu har ta kai ƙarshen shafi na biyu.

Na gode da ba ni fili.

Taka,
Wata malamar piyano