Wasiƙa Zuwa ga Autata a Makarantar Kwana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Autata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Saƙonki ya iso. Na ga abin da kika ce game da Yayarki, da ƙawar nan taki da yau kuna tare gobe ta wuce ki kamar ba ta taɓa ganinki ba, da yadda kike zama ke kaɗai a bakin gado bayan isha'i. Ban ɗauki ko ɗaya a matsayin shagwaɓa ba. Yarinya 'yar shekara 11 da ta bar gida karon farko, dole ranta ya yi nauyi.

Damuwar nan uku tushensu ɗaya. Kuɗinki da abincinki suna hannun Yaya, hirarki da dariyarki suna hannun ƙawa ɗaya tilo. Duk ranar da ɗayarsu ta ɗaure fuska, ranarki ta ɓaci ke nan. Don haka aikin da ke gabanmu shi ne kayanki su dawo hannunki, mutanenki kuma su ƙaru.

Mu fara da kaya, don shi ya fi sauƙin gyara. Daga wannan zangon, kuɗin kashewarki yana wurin metiron, wato matar da take kula da ɗakunan kwananku. Zango mako 13 ne ko kusa da haka, na lissafa miki naira 1,000 kowane mako. Ki riƙa karɓa ranar Asabar, ki rubuta kwanan wata da adadi a bayan littafinki, ta sa hannu. Kada ki karɓi na mako biyu a haɗe, don kuɗin da ya kwana a loka kowa yana da dalilin aro. Na aiko da sabon kwaɗo mai makulli uku: ɗaya ki zura a zare ki rataya a wuya cikin riga, ɗaya ki kai wa metiron, na ukun yana gida. Garin kwaki mudu biyu, da suga, da madarar gari, da ƙuli-ƙuli, ki kasa kowanne kashi uku, kashi ɗaya na wata ɗaya. Biyun ki ƙulle a leda ki tura can ƙasan akwati. Daga kason watan ki cika ƙaramin gwangwani, shi ne na kyauta, ki ba wadda kika ga dama da zuciya ɗaya, har da Yaya. In ya ƙare, ki ce ya ƙare. Inda yara suke kuskure shi ne buɗe loka gaba ɗaya a gaban jama'a. Wadda ta ga mudu biyu ba za ta yarda babu ba, kafin tsakiyar zango kuwa sai a koma roƙo, mai roƙo kuma ba ta iya ce wa kowa a'a.

Sai Yaya. Tana da haƙƙi a kanki, kuma ba zan rage mata ko kaɗan ba. Ki gaishe ta da safe, kada ki kira sunanta gatsal, kada ki mayar mata da magana a gaban mutane, in ta aike ki aiken hankali ki je. Amma hadisin da ya zo a Tirmizi ɓangare biyu gare shi: ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu, ba ya kuma sanin girman babbanmu. Girmamawa daga gare ki, tausayi daga gare ta. Duka, da hana ki zuwa cin abinci, da karanta wasiƙunki, da sa ki wanki lokacin firef, wato zaman bitar karatu, da yi miki barazana, babu ɗayansu da ya shiga haƙƙin ya a kan ƙanwa.

Yana da kyau ki san abin da ke tura ta. Ita ma ta yi aji ɗaya, ta ɗebi ruwan siniyoyi ta wanke musu kaya, ta tashi da ganin haka ake yi. Ga jarrabawar WAEC da NECO a gabanta. Kuma tana ganin duk abin da ya same ki ita za a tambaya, mai tsoro kuwa yakan matsa fiye da kima. Wannan bai wanke ta ba. Na faɗa miki ne don ki je mata da magana ba tare da kin ɗauke ta maƙiyiya ba.

Ga yadda za ki yi maganar. Ki same ta ita kaɗai, ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da babu gaggawa. A gaban ƙawayenta ba za ta taɓa sassautawa ba, ko da ta san kin fi ta gaskiya, saboda mutuncinta take karewa. Ki ɗauki abu ɗaya kawai, wanda ya fi damun ki, ki bar sauran sai wani mako. Ki fara da abin da za ki yi mata kafin wanda ba za ki yi ba: "Yaya, zan riƙa kawo miki ruwa bokiti ɗaya kowace safiya. Wanki kuma sai Asabar, saboda ina makara zuwa firef." Ki tsaya nan. Kada ki ce "kullum haka kike yi min," don za ta kawo miki ranar da ba ta yi ba, magana ta koma musu. Kada kuma ki ce "sai na gaya wa Umma." In ta ɗaga murya, ki maimaita maganarki sau ɗaya a hankali, ki ce "sai an jima, Yaya," ki tafi.

Ki sa a ranki cewa makon farko zai fi na da zafi. Za ta iya ƙara aike don ta gwada ki, ko ta ɗauke miki wuta. A nan ne ake faɗuwa: in kika ji shirun ya yi miki yawa kika koma kika kwashi wankin ranar Talata, kin koya mata cewa fushin kwana biyu yana karya ki, gaba kuma da shi za ta riƙa zuwa. Ki riƙe abin da kika faɗa, ki kuma cika alkawarin ruwan ko ranar da ba ta kula ki ba. Gaisuwa kada ta yanke daga ɓangarenki. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Yawanci in an ga mutum bai canja ba mako biyu zuwa uku, sai a saba da sabon tsarin.

Batun da Yaya ta ce kada ki ƙara tafiya da ƙawarki, ki tambaye ta dalili cikin ladabi. Ta shekara biyar a makarantar, ta san abin da ba ki sani ba. In ta ambaci abu takamaimai, kamar ɗauke-ɗauke, ko tsallake katanga, ko ɓoye waya, ki saurara da kyau ki ja baya. In iyakarta "ni dai ba ta yi min ba," wannan bai isa ya raba ki da mutum ba.

Ita kuma ƙawar, kada ki yi saurin yanke mata hukunci. Akwai abin da nake zargi: 'yar aji ɗaya tana tsoron 'yar aji shida. In Yaya ta taɓa harararta ko ta ja mata kunne, ba mamaki ta riƙa sakin jiki da ke a aji, ta kuma guje ki a hanyar ɗakin kwana inda za a gan ku. Ki lura da wurin da take canjawa. Sannan ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu: "Jiya na yi miki magana ba ki amsa ba, ko na yi miki laifi ne?" Suratul Hujurat, aya ta 12, ta ce mu nisanci yawan zato. Tambaya ɗaya ta fi kwana uku kina saƙe-saƙe.

In ba tsoro ba ne, to ki ba abin mako uku kina kallo. Tana zuwa wurinki ranar da gwangwanin kyauta ya ƙare? In tana cikin wasu 'yan mata, tana matsa miki wuri ko tana yi kamar ba ta gan ki ba? Maganar da kika faɗa mata, kin taɓa jin ta a bakin wata? Wannan na ukun shi ne mafi nauyi a wurina. Kafin ki tabbatar, sirrin gida da abin da ke tsakaninki da Yaya su zauna a cikinki, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ki sayi zama da suga ko da aron kuɗi, don wadda aka saya da kaya tana tafiya ranar da kayan suka ƙare. In ta nuna ta aji ce kawai, ki bar ta a nan: ku gaisa, ku yi aikin gida tare, ba faɗa ba gaba. Haka kuma in ta fara fushi don kin zauna da wata, ko ta ce sai ki zaɓa, ki gane irin matsin da kike gudu ne ya biyo ta wata hanya.

Kaɗaicin kansa yana da lokutansa, kin ma faɗi ɗaya: tsakanin isha'i da kashe fitila. Sauran su ne yammacin Asabar da ranar ziyara in an tafi. Kada ki bar waɗannan lokutan su same ki ba shiri. A ɗakinku akwai aƙalla wata guda da take zaune shiru kamar ke, ki duba za ki gan ta. Ki ce mata ku je famfo tare, ko ki tsefe mata kai ta tsefe miki, ko ku riƙa sauraren haddar juna shafi ɗaya kowane dare. Ki koyi sunayen 'yan ajinki, kullum ki gai da uku da sunansu. A firef ki zauna kusa da mutum ɗaya har mako guda, ki tambaye ta lissafin da ya shige miki, ke ma ki nuna mata abin da kika iya. Ki shiga MSS, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ƙungiyar muhawara, ki riƙa zuwa kowane zama ko da ba ki ce komai ba. Sabo da yawan haɗuwa yake samuwa, shi ya sa wadda ta je sau ɗaya ta ce ba a kula ta ba ta daina, ta yi gaggawa. Ba ina cewa ki tara ƙawaye goma ba. Biyu ko uku sun isa, yadda in ɗaya ta yi fushi akwai inda za ki zauna.

Akwai abubuwan da ba a jira mako uku a kansu. In an doke ki, ko an hana ki abinci, ko an ƙwace makullinki, ko wani ko wata ya taɓa jikinki yadda bai dace ba, ki je wurin metiron ko malamar ajinku a ranar, ki ce a kira ni. Haka in kin yi mako biyu barci ba ya zuwa, ko abinci ya fita ranki, ko ciwon kai da ciwon ciki sun zame miki kullum, ko kin fara tunanin guduwa ko cutar da kanki, ki faɗa wa nas a asibitin makaranta, ki faɗa min. Za a ce miki mai kai ƙara. Kada ya dame ki. A hadisin Bukhari an ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne mai zalunci, da aka tambayi yadda za a yi, sai Annabi ya ce ka hana shi zaluncin. Ki faɗi abin da ya faru daidai, da rana da wuri, ba ƙari ba ragi.

Yaya ma na rubuta mata tata wasiƙar, ban kuma sa maganarki ko ɗaya a ciki ba, tsarin kuɗi da makulli kawai na sanar da ita a matsayin shawarar gida. Ranar ziyara, in Allah ya kai mu, zan zauna da ke ke kaɗai tukuna, sannan ita, sannan mu haɗu. Ki zo min da littafin da metiron take sa hannu. Babanki yana gaishe ki, Inna ma ta ce a gaya miki tana sa ki a addu'a. Allah ya yi miki albarka, ya haɗa ki da abokan zama nagari.

Wassalam,
Ummanki