Wasiƙa zuwa ga Ummi

Assalamu alaikum, Ummi. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya masu jiki? Nan Agege kowa lafiya lau, in ban da ƙafar babanku da kika sani.

Na so in kira ki, sai na tuna a waya kin fi ni baki, shi ya sa na rubuto. Ranar Lahadi ƙanwarki ta faɗa min wata magana, kuma kada ki yi mata faɗa, ni na tsare ta. Wai ta ji kina ce wa ƙawarki, kuna dariya, takardar nan ta wurin aikinki, wadda ake sa hannu duk lokacin da aka juya mara lafiya a kan gado, sai asuba kike cike ta a zama ɗaya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san halin da kike ciki. Tsofaffi 14 a hannunki ke da mataimakiya guda, awa 12 a tsaye, safar hannu sai an ƙirga muku, albashi kuma sai wata ya yi nisa. Abokan karatunki wasu suna Ingila, wasu Saudiyya, aikinsu ya dawo kanku. Na ga yadda kika dafa ƙugu da kika tashi daga sallah ranar sunan gidan Kawu. Duk na gani.

Amma Ummi, sunan kakarki Inna kika ci.

Kina 'yar firamare lokacin, abin da za ki tuna bai wuce warin ɗakin ba. Da ɓarin jikinta ya shanye, ni na yi jinyarta. Leda na shimfiɗa mata a kan katifa saboda fitsari, ga zafin Legas, ga zufa. Ta fi son kwanciya rigingine, ni kuma ina jin nauyin takura wa surukata, sai na bar ta. Wata rana ina goge mata jiki na ga wani wuri a ƙasan gadon bayanta ya ɗan yi duhu, ya yi tauri, da ɗumi. Bai yi ja ba, fatarmu ba ta nuna ja yadda ake so. Na ɗauko man kaɗanya na yi ta murzawa da ƙarfi, wai ina taimakon ta. Kafin mu kai ta asibiti, bakin ciwon bai fi ƙwandala ba, amma da nas ta buɗe, rami ne har ƙashi. Na ga ƙashin da idona. Nas ɗin, wata Bayarabiya, ba ta zage ni ba. Ta ce gyambon kwanciya daga ciki yake cin nama, inda ƙashi ya danne jini ya kasa wucewa. Ta nuna min a juya mutum duk bayan awa 2, a sa filo ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa, a ɗaga shi kada a ja shi a kan zani, kada a murza wurin, a ba shi ƙwai da wake da kifi. Ilimin ya zo, Inna ta tafi da ciwonta.

Gwaggonki har yau tana ganin sakacina ne. To ni ban sani ba, Allah shaida, ga goyo a bayana, ga girkin gida, babu wanda ya karɓe ni ko dare ɗaya. Ke fa? Ke da muka sayar da filin Kura aka kai ki makarantar nas? Idan kika sa hannu cewa kin juya tsohuwa ƙarfe 2 na dare alhali tana kwance yadda kika bar ta tun isha'i, wadda za ta karɓe ki da safe ta yarda da takardarki, ba za ta ɗaga zani ta duba ba. Uwar wasu ce, sun biya kuɗi sun tafi sun yi barci saboda sun amince da ke. Kuma kada ki ce min ai tana kan katifar iska. In an ɗauke wuta, wa ke hura ta?

Ban ce ki kashe kanki ba. Daren da aiki ya fi ƙarfinki, bar gurbin babu komai, ki rubuta dalili, ki kai wa shugabarku, gobe ma ki sake kaiwa. In sun ga za su kore ki a kan haka, ɗakinki yana nan. Kuma ki daina ɗaga mutum ke kaɗai, bayanki guda ne.

Wataƙila raha kawai kuke yi, ƙanwarki ta ji rabin zance. In haka ne ki yafe min, tsufa ne. Na ba Sani yaji da man zafi ya kawo miki. Juma'ar da ba ki da aiki ki fito da sassafe kafin hanyar Ajah ta cushe, zan ajiye miki tuwo.

Allah Ya yi miki albarka.

Mamanku