Sunan dutsen sama ba a saye da kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wata talla ke yawo a WhatsApp kwanan nan a nan Katsina, wai ka tura kuɗi a raɗa wa tauraro ko wani dutsen sararin samaniya sunan amaryarka, a aiko maka da takardar shaida mai hatimi. Angwaye har sun fara ɗauka. Ina roƙon ku ja kunnen jama'a: takardar nan ado ce kawai, masana taurari ba su san da zamanta ba.

Duwatsun da ke zagaya rana tsakanin duniyar Mas da Jufita suna da yawan gaske, kuma raɗa musu suna yana da ƙa'ida. Wanda aka fara ganowa shi ne Ceres, ranar 1 ga Janairun 1801, lokacin da Giuseppe Piazzi ya hango shi daga Palermo a Italiya. Bayan 'yan makonni hasken rana ya ɓoye shi. Sai da Carl Gauss, masanin lissafi ɗan Jamus, ya lissafo hanyar da yake bi daga ɗan abin da Piazzi ya rubuta, aka sake ganin sa a ƙarshen shekarar. Ceres kan yi kusan shekara 4.6 kafin ya kammala zagaye ɗaya. Piazzi ya so ya haɗa sunan Ceres da na sarkinsa Ferdinand, amma wannan ɓangaren sunan bai karɓu ba.

Haka abin yake har yau. Sai an bi dutse an tabbatar da hanyarsa, a ba shi lamba, sannan wanda ya gano shi ya miƙa suna ga Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tantance. Suna kada ya wuce haruffa 16. Ɗan siyasa ko soja kuwa sai ya shekara 100 da rasuwa, don haka masu roƙon iri su haƙura.

Afirka ma tana sama. Cyril Jackson, daga Johannesburg, ya gano dutse mai lamba 1193 da aka raɗa wa suna Africa a 1931, daga baya ya ƙara da wasu masu sunayen Kenya da Uganda da Habasha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne muna da wanda ya cancanta a raɗa wa dutse sunansa. Muhammad al-Kashnawi, ɗan Katsina masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Akwai shirin ƙasa da ƙasa da ke ba ɗalibai hotunan manyan na'urorin hangen nesa su nemo sababbin duwatsu ta kwamfuta. Me zai hana sashen kimiyyar lissafi ko na fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga, ya jawo makarantun sakandare na Katsina da Daura, ko a dace da dutsen da za a raɗa wa sunan al-Kashnawi? Ina fata za ku tuntuɓi malaman sashen, ku buga mana amsarsu.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Ƙofar Soro, Katsina