Zuwa Ga Edita: Ina 'Yan Abusa A Tarihin Da Kuka Karanto Mana?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ne ya hana ni barci. Awa guda cur baƙon naku yana zuba a kan tarihin ƙungiyoyin haɗin kai na manoman koko a Ghana, ni kuma ina zaune a ƙofar gida a nan unguwar Aboabo ta Kumasi da rediyo a cinya, ina jiran ya ambaci mutane irin mahaifina ko da sau ɗaya ne. Har aka sa kiɗan rufewa bai yi ba.

Ban ce ya yi ƙarya ba. Masaƙa da sauran ma'aikata su 28 da suka buɗe ɗan kantinsu na haɗin kai a Rochdale ta Ingila a 1844, haka ne. Ƙungiyar manoman koko ta farko da aka kafa a Atasomanso, nan bayan gari, a 1928, da dokar ƙungiyoyi da Turawa suka yi a 1931, duk haka ne. Ya kawo yadda manoma suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa kokonsu a 1937 zuwa 1938, har muryarsa tana rawa don daɗi. To, amma duk lokacin da ya ce "manoma", wa yake nufi? Mai gona yake nufi, wanda sunansa ke cikin littafi. Wanda ke cikin gonar da adda tun asuba, ko sau ɗaya bai shigo bakinsa ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan abusa ne. Daga arewa ya sauko yana saurayi, ya yi shekara fiye da ashirin yana kula da gonar wani a yankin Ahafo, kusa da Goaso. Yaran yanzu ba su san abusa ba, su koko a wurinsu shi ne wanda ake sha da ƙosai da safe. Abusa shi ne a kasa amfanin gona uku, mai gona ya ɗauki kashi biyu, wanda ya yi aikin ya ɗauki ɗaya. Ni da idona na ga wannan aikin. Mu ne ke tsinto 'ya'yan da ya sassaro, mu tara su tsibi guda. A fasa, a kwarfe ƙwayar da hannu tana yauƙi, a lulluɓe da ganyen ayaba kamar kwana shida har tsaminta ya cika dajin. Sannan a baza a kan tabarmar shanya, a yi ta juyawa ana tsince ƙazanta, ido yana sama don tsoron hadari. In ruwa ya sauko da rana tsaka, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga a naɗe tabarma. Tafin hannun Baba ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa.

Ranar awo kuwa, shi zai ɗora kayan a ka ya kai rumfa, amma ba shi da bakin magana a gaban sikeli. Akawu ya auna, ya rubuta a littafin mai gona, mai gona ya sa hannu. Baba bai yi boko ba, sai dai yana da wata 'yar takarda da yake rubuta nasa lissafin da ajami, yana ninke ta cikin hularsa. Sau nawa lissafinsa da na akawu suka saɓa, ya haɗiye ya yi shiru, don wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya ɗaga hannu a taro. In ƙarshen kaka ya zo aka raba ɗan ƙarin da ake bai wa mambobi, mai gona ne ke karɓa. Wata shekara ya ɗan gutsura masa, wata shekara ko labari ba ma ji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da baƙon naku ya zo kan 1961, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta rushe ƙungiyoyin, ta danƙa sayen koko kacokan a hannun majalisar manoma mai goyon bayan jam'iyyarta, sai ya ce manoma sun tafka asara. Masu gona sun yi asarar rumbunan ajiyarsu da dukiyar da suka tara, ban musa ba. Baba dai bai yi asarar komai ba, tunda can ma ba shi da komai a ciki. Asararmu ta zo ne a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa. Ƙanin Baba ya hau babbar mota da ƙunshin kayansa, kokon da ya yi wa wahala yana kan tabarma bai gama bushewa ba. Kasonsa na wannan kaka, har ya koma ga Allah bai gan shi ba. Wannan ba ya cikin tarihin koko ne?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da mai gabatarwa, ɗan Zango ɗan'uwanmu, ya yi dariya ya ce ai mu mutanen Zango ba mu iya haɗa kai ba, mu je mu koya. Haba Malam! Fataken da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano sayen goro, ayari guda a bayan madugu, kowa da kasonsa na kuɗin hanya, wa ya koya musu? Adashin da mahaifiyata ta aurar da 'ya'ya mata uku da shi fa? Mu a layinmu duk shekara muna yin watanda, mutum goma sha biyu mu haɗa kuɗi mu sayi sa, a yanka a kasa a gaban kowa, wani yaro ya juya baya ana nuna kashi yana kiran suna, don kada a ce an yi son kai. Ba mu da hatimi ko lambar rajista, shi ke nan abin da muka rasa.

Baƙon naku ya daɗe a kan ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo, yadda aka kafa ta a nan Kumasi a 1993, da yadda manomanta suka sami hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila. Madalla, ni ma ina alfahari da hakan. Tambaya ɗaya na so a yi masa: a yau, cikin ƙungiyoyin manoman ƙasar nan baki ɗaya, ɗan abusa yana da kati da sunansa, ko har yanzu sunan mai gona ne kawai? Na buga layinku sau tara don in yi wannan tambayar, ba a ɗauka ba.

Tunda na zo nan, bari in faɗa. Tallar maganin gargajiyar nan da kuke katse shiri da ita duk bayan minti goma, mai maganin basir da ciwon suga da ƙarfin maza duk a kwalba ɗaya, ta ishe mu. Da jikokina nake sauraro, kunya take sa ni in rage murya, in na ƙaro kuma an wuce wurin da nake son ji.

Ku sake shirin. Akwai tsofaffi a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da suka yi abusa a Ahafo da Sefwi, suna nan a raye, bayan La'asar za ku same su a bakin masallaci. Takardar ajamin Baba ma tana wurina, in kuna so in kawo muku ita ofis.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Aboabo, Kumasi